Filin Tambaya da Amsa: Wai wane ne Sa'adu Zungur ɗin nan da ke jikin bajon 'yata?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min a waya kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar sunayen makarantun firamare, ina jin sabon zangon karatu ne ya jawo, an ɗinka sabon yunifom an manna bajo sai ido ya kai kan rubutun da ke jiki. Na zaɓi guda huɗu. Ta farkon ita ta cinye filin, masu sauran ku yi min haƙuri.

TAMBAYA: Salam Baba mai amsa, ina wuni ya aiki ya iyali. Dan Allah tambaya gareni, yarinyata tana aji huɗu a firamaren Sa'adu Zungur nan cikin garin Bauchi, shekaranjiya da daddare tana rubutu a bangon sabon littafinta, ta rubuta suna ta rubuta aji tazo kan sunan makaranta sai ta tsaya ta ɗago kai tace Umma wai shi Sa'adu Zungur ɗin nan yana nan da rai? shi ya gina mana makarantar? Wallahi Baba kunya ta kamani don ni kaina nan aka haifeni nan na girma, kullum sai na faɗa ma mai Keke sunan nan amma ban taɓa tsayawa na tambaya ba, nace mata wani babban mutum ne na da, tace hakimi ne ko mai kuɗi, nace ke je ki kwanta dare yayi. Babanta da ya dawo yace shi dai a saninsa ɗan siyasa ne kuma wai garinsu Zungeru. Dan Allah a warware mana.
Daga wata uwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdulillahi. Da farko ki shafa min kan jikar tawa, don tambayar da tayi miki akwai masu furfura da suka shekara talatin suna wucewa ta gaban allon makarantar nan basu yi ta ba. Maganar je ki kwanta kuwa kar ki damu, duk mun yi, ni ma da ita nake kare kaina in jikoki suka ƙure ni.

Bari in fara da maigida, ya ci rabi ya faɗi rabi. Ɗan siyasa kam ɗan siyasa ne, amma Zungeru daban Zungur daban. Zungeru tana jihar Neja, can Gwamna Lugga ya kafa hedikwatar mulkin Arewa kafin a dawo da ita Kaduna. Zungur kuwa taku ce, gunduma ce a ƙasar Bauchi ba nisa da birni. Abun dariyar shine kuskuren maigida bai faɗi ƙasa banza ba, don a Zungerun nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, shi kuma Malam Sa'adu ya taɓa riƙe wa jam'iyyar Azikiwe sakatare, zan zo kan wannan in an jima.

Cikakken sunansa Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, an haife shi wajen 1915, ya rasu a watan Janairun 1958. Kinga kenan amsar tambayarta ta farko, baya raye, ko 'yancin kan da ya ƙare rayuwarsa yana nema bai gani ba, saura shekara biyu da 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa yana da shekara arba'in da 'yan kai. Ba hakimi bane, ba attajiri bane, makarantar kuma ta gwamnati ce, don tunawa da shi aka sa mata sunan. Shi Zungur ɗin ma ba sunan mahaifinsa bane, a zamaninsu yaro in ya shiga makarantar boko sunan wuri ake liƙa masa a rajista don a bambance shi da takwarorinsa, shi yasa kike jin Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Isa Kaita, Yahaya Gusau, shi kansa Sardauna Ahmadu Rabah ake ce masa lokacin yana ɗalibi.

Ɗan gidan malamai ne, gidan limanci, ya taso da allo da tawada ya yi Alƙur'ani ya yi fiƙihu ya yi Larabci sosai, ba irin na a gaisa ba. Wannan ki riƙe shi da kyau don shine sirrin mutumin gaba ɗaya. A lokacin nan yawancin gidajen malamai gudun boko suke kamar wuta, 'yan bokon kuma in suka buɗe baki a gaban fada sai a ce musu ku me kuka sani a addini, yaran Nasara, shikenan an rufe musu baki. Toh shi ba a iya yi masa haka, in ka kawo masa aya zai kawo maka tafsirinta, in ka koma Turanci can ma ka same shi zaune yana jiranka.

Ya yi makarantar lardi a Bauchi, a 1929 ya wuce Kwalejin Katsina, wadda ita ce uwar Barewa ta yanzu, an ɗauke ta daga Katsina zuwa Kaduna a 1938 daga baya aka kai ta Zariya. Abubakar Tafawa Ɓalewa na gabansa da shekara ɗaya, Sardauna kuma ya riga su duka. A 1934 ya tafi babbar kwalejin Yaba da ke Legas, kuma shine ɗan Arewa na farko da ya fara shiga can. Ki ɗan tsaya ki hango abun, matashi ɗan ƙasa da shekara ashirin ko wajen haka, daga Bauchi, ba waya ba ɗan uwa, ya shiga jirgin ƙasa ya sauka garin da jaridu ke caccakar Gwamna baƙi da fari kuma gari ya waye ba a kama kowa ba, alhali a gida ko dagaci ba ka isa ka ɗaga ido ka kalla ba. Bai daɗe a Yaba ba ya dawo Arewa ya bi layin kiwon lafiya, ya zauna Kano a makarantar koyon tsafta, daga baya ya koyar a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya. A Zariyan nan ya fara tara matasa 'yan boko ana zaman tattaunawa, kuma a wannan tsakanin ne ya haɗu da wani yaro mai kaifin baki ɗan Kano da ake kira Aminu.

Rashin lafiya ta dawo da shi gida Bauchi, ciwon ƙirji ne da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Sai Allah ya haɗa abun, a 1942 aka turo Malam Aminu Kano koyarwa Midil ta Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana makarantar, kinga mutum uku kenan a gari ɗaya lokaci ɗaya, wanda zai zama Firayim Minista, da wanda zai zama jagoran talakawa, da wanda ya fi su duka zafi. A 1943 aka kafa abun da ake kira Majalisar Taɗi ta Bauchi, zamanin Sarki Yakubu na uku, kuma da yardar Turawan aka kafa ta, su a tunaninsu 'yan boko za su zauna su ɗan yi muhawara su huce. Ai kuwa taɗi ya wuce taɗi, aka shiga maganar mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka shiga maganar yadda Bature ke fakewa bayan sarki yana mulki, har aka kai ga tambayar wai da wane ma'auni ake yanka wa sarakuna albashi. Daga nan hukuma ta ga ba ta da riba aka tashi majalisar. Su Malam Sa'adu da Malam Aminu basu koma gida sun naɗe hannu ba, suka kafa tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi wadda ba ruwan Razdan, babban Baturen lardi, da ita, kuma masana tarihi na lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko-farko a Arewa. Wato Hajiya siyasar Arewa da kike ji, wani babban reshe nata a garinku ya tsiro.

A 1948 ya koma Legas ya zama sakataren NCNC na ƙasa, jam'iyyar Azikiwe ɗan Zungerun maigida. Ɗan Bauchi, ɗan gidan liman, shine mai riƙe da takardun babbar jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta wancan lokacin. Bai wuce shekara biyu ba ya ajiye ya dawo, zaman bai yi masa daɗi ba, ya ga yadda ake kallon Arewa a can ya kuma ga irin nisan da aka yi mata a karatun zamani, abun ya tsaya masa a rai. Yana cikin waɗanda aka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da su, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama NPC a 1951, amma zuciyarsa tana wajen masu neman sawaba, NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano har ya koma ga Allah yana ɗaukarsa malaminsa a siyasa, har ɗan littafi ya rubuta kan rayuwarsa.

Amma ni in kika tambaye ni, ba kujerun nan ne suka sa sunansa ya kai yau ba, sakatarori nawa aka yi aka manta. Waƙa ce. Ba waƙar kiɗa ba, rubutacciyar waƙa mai ƙafiya da ma'auni irin ta malamai. Yana da Waƙar Bidi'a inda ya dira kan al'adun da aka cusa cikin addini, yana da Maraba da Soja da ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, su 'yan Bama, sai kuma babbar, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya. Mahaifina Allah ya jiƙansa tela ne, yana da ɗan littafin waƙoƙin nan bugun Zariya, bango ya yage ya ɗinke shi da baƙin zare a keken ɗinkinsa, yana ajiye shi a aljihun keken tare da allurai da alli, in aiki ya yi sauƙi bayan la'asar sai ya ciro ya rera wa abokan zamansa, wani tsoho mai gyaran agogo kullum a baiti ɗaya yake tsayar da shi yace maimaita min nan, su yi ta musu har a kira magariba. Ni lokacin ina yaro ina ɗaura zare a kwarkwaro, ban san me ake faɗa ba sai da na girma.

Abun da suke musu a kai har yau ba a gama shi ba. Mutane da yawa da basu karanta waƙar ba suna zaton cewa yayi a rushe sarauta, tunda ɗan sawaba ne. Ba haka yace ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna, ku gyara, ku yi adalci, ku buɗe wa talakawa ƙofar ilmi maza da mata, ku yarda da majalisa da shawara, in kun ƙi toh ku dubi abun da ya sami sarakunan Indiya bayan ƙasar ta sami 'yanci, kuma Arewa za ta wayi gari wasu ke juya ta. Wato mulukiyar yake so amma gyararriya. Wannan bai yi wa fada daɗi ba don an faɗa mata gaskiya a bainar jama'a, bai kuma gamsar da wasu 'yan uwansa 'yan sawaba ba, har Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da tasa waƙar yana cewa jamhuriya kawai. Ni shi yasa nake son mutumin, ba ya shiga aljihun kowa. Sunan ma kamar an auna, Zungur, ya zunguri Bature ya zunguri sarki ya zunguri malami ya zunguri ɗan boko, talakan ma da yake karewa bai ƙyale shi ba kan zaman jahilci.

Toh me za ki faɗa wa yarinya 'yar aji huɗu, ba za ki ɗora mata NCNC da mulukiya ba ai. Ki ce mata malami ne ɗan garinku, ya yi karatun allo ya yi na boko duka bai yar da ko ɗaya ba, shine ɗan Arewa na farko da ya je babbar makarantar Legas, baya tsoron faɗin gaskiya ko gaban waye, kuma babban abun da ya dame shi a duniya shine yaran talakawa su yi karatu, shi yasa da aka tashi tunawa da shi makaranta aka sa wa sunansa. In ta ƙara girma ki nuna mata cewa jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau ita ma yanzu sunansa take ɗauke da shi, in Allah ya yi mata tsawon rai sai ta fara da Sa'adu Zungur ta ƙare da Sa'adu Zungur.

Kuma kar kunyar nan ta dame ki da yawa, ba laifinki bane ke kaɗai. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, aka cusa ɗan abun da ya rage cikin wasu darussa, sai zamanin da Malam Adamu Adamu, shi ma ɗan jiharku, yake ministan ilmi aka yi shelar dawo da shi. Yaran da suka taso a tsakanin nan sunayen nan duk sun zama musu sunan tasha, wurin da ake cewa mai Keke akwai sauka.

TAMBAYA: Baba barka da warhaka. Musu ne ya kaure a majalisarmu, abokina yace firamaren Shahuci sunan wani babban malami ne aka sa mata, ni kuma nace sunan Bature ne aka Hausantar kamar yadda ake yi, har mun sa shayi da biredi da ƙwai wanda ya faɗi zai saya ma kowa. Ka raba mu.
Daga wani matashi, cikin birni, Kano.

AMSA: Ɗana ku haɗa kuɗi ku saya tare don duk kun faɗi, nawa kuma a sa madara da yawa. Shahuci sunan wuri ne a cikin birnin Kano, kai da kake ɗan cikin birni ai ka san inda aka yi ginin ajiye motocin nan mai hawa-hawa, makarantar sunan wurin ta ɗauka. Tsofaffin makarantun En'e yawanci haka suke, ba a cika sa musu sunan mutum ba, unguwa ce ko ƙofa ko gidan da aka fara karatun a ciki. Amma kar ka raina ta don ba sunan mutum bane, Malam Aminu Kano da muka gama maganarsa yanzu, a nan ya yi elementare kafin ya wuce Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule shi ma nan aka sa shi a 1937. A Shahucin ne kuma aka buɗe makarantar koyar da alƙalai a 1928.

In kuna son wadda sunanta ke da doguwar jela ku ɗauki firamaren Gidan Makama. Makama sarauta ce, yana cikin masu zaɓen sarki su huɗu tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, gidan kuma ana danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi, daga baya aka raba shi, wani sashe gidan tarihi wani sashe makaranta. Janar Murtala Muhammad ya zauna a bencin makarantar nan yana yaro. Yaro yana koyon biyu sau biyu a harabar da ta haura shekara ɗari biyar, kuma in ka tambaye shi waye Makama sai ya kalle ka.

Baturen da kake nema kuwa akwai shi amma ba a Shahuci ba, sunansa Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya iya Hausa har aka sa masa Ɗan Hausa. Shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a Nasarawa nan Kano a 1909, gidansa na nan har yau, Gidan Ɗan Hausa. Ranar Asabar ku tashi daga bencin mai shayi ku je ku gani.

TAMBAYA: Malam dan Allah meye LEA da ake rubutawa a allon makarantu? Ƙanwata tace wai wata Baturiya ce mai suna Liya ta gina su duka.
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: 'Yata wannan Liya da ta yi aiki, daga Kaduna har Jos har Abuja ita kaɗai. Ki ce wa ƙanwar taki babu wata Liya, haruffan farko ne na kalmomin Turanci uku, ma'anarsu hukumar ilmi ta yanki. Da can makarantun gwamnati a hannun En'e suke, ana ce musu elementare, shekara huɗu, wanda ya yi ƙoƙari ya wuce Midil. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar da ta kafa hukumomin ilmi na yankuna aka danƙa musu firamare, daga nan haruffan suka hau allo. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sai kika fara ganin LGEA, an ƙara harafin ƙaramar hukuma kenan. A shekarar ce kuma Janar Obasanjo ya ƙaddamar da UPE, karatun firamare kyauta ga kowa, aka yi ta gina azuzuwa a ƙauyuka ba ƙaƙƙautawa, aka rage shekarun firamare daga bakwai zuwa shida, shi yasa in kika ji tsoho yace ya gama aji bakwai ba ƙarya yake ba. A 1999 ya dawo a farar hula ya ƙaddamar da UBE, shirin ilmin bai ɗaya, a Sakkwato, ita ta haifi su SUBEB, hukumomin ilmin bai ɗaya na jihohi, da kike gani a jikin bango.

Tamu makarantar da na yi ba ta da wani suna sai haruffan nan uku da sunan ƙauyenmu, hedimasta da kansa ya rubuta da fenti a jikin wani falle na kwano, harafin ƙarshe bai samu wuri ba ya lanƙwasa shi ƙasa. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne rataye a bishiyar darbejiya, monita na dukansa da guntun ƙarfe.

TAMBAYA: Baba ina yini. Ni abun da ke ci min rai daban ne. Firamaren garinmu tun kakanninmu sunan garin take amsawa, nan babana yayi nan nayi, kwatsam bara aka zo aka yi fenti aka kafa sabon allo da sunan wani ɗan siyasa da ko aji ɗaya bai taɓa ginawa ba, ba a tambayi kowa ba ko mai gari sai gani yayi. Yanzu ƙanina zai nemi aiki takardarsa ta firamare tana ɗauke da tsohon suna, ance masa wai babu makaranta mai wannan sunan. Shin haka ake yi dama? kuma ya za mu yi?
Daga wani magidanci da ya nemi a sakaya garinsu.

AMSA: Lafiya lau ɗan uwa, Allah ya huci zuciyarka. Canza suna ba sabon abu bane kuma ba kullum yake zama laifi ba, Midil ta Kano ta zama Rumfa, Kwalejin Katsina ta yi yawo ta zama Barewa, ba wanda ya yi kuka. Inda gizo ke saƙar shine wa aka sa, kuma yaushe. Ni ra'ayina, kuma na san wasu za su ji haushi, kar a sa wa makarantar yara sunan mutumin da ke kan kujera ko mai neman kujera. A bari ya sauka, a bari ƙura ta lafa, in son samu ne ma a bari sai bayan ransa, in har lokacin mutanen gari na ambatonsa da alheri toh bismillah. Malam Sa'adu da muka buɗe filin nan da shi ya kusa shekara saba'in a kabari ba shi da ko sisin da zai raba, amma uwa ta rubuto tana son sanin ko waye shi saboda 'yarta. Wanda aka manna sunansa don yana raba shinkafa kuwa, gwamnati na juyawa za ka ga an zo da wani bokitin fentin, yaran su rasa ma wace makaranta suke.

Kuma sunan gari ba ƙaramin suna bane da za a goge kamar rubutun alli, shi ma tarihi ne, sau da yawa ma ya fi na mutum tsufa. In abun ya dame ku da gaske kar ku tsaya zagi a Facebook, ku bi ta kwamitin iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta na al'umma, ku sa mai gari da liman a gaba, a rubuta takarda da sa hannun jama'a zuwa ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma a aika kwafi hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha. Ko ba a cire sabon ba kuna iya neman a haɗa biyun a allo, sabon a sama sunan garin a ƙasa, ana yin haka.

Maganar ƙaninka kuwa mai sauƙi ce, kar ya yarda wani ya ce zai buga masa sabuwar takarda a shagon kwamfuta, wannan ita za ta jefa shi cikin matsala. Ya je wurin hedimasta na yanzu da tsohuwar takardar tasa, a buɗe rajistar shekarar da ya gama a ga sunansa, a rubuta masa wasiƙa a takardar makaranta mai hatimi cewa makaranta kaza da ake kira kaza a da ita ce dai wannan, ya kai ofishin sakataren ilmi su ma su buga nasu hatimin, ya yi hoto biyu ko uku ya haɗa da takardar duk inda zai miƙa, asalin kuma ya sa a leda ya ajiye a ƙasan akwati.